Godiya ga duk wanda ya tsaya min a aikin launin teku

Alhamdulillah jama'a, jiya na gabatar da aikina gaban malamai a nan Accra, manhajar da na rubuta ta tashi lafiya lau ba ta kunyata ni ba.

Masu tambaya wai me ɗan Kano yake nema a teku, abin da nake yi kenan: tauraron ɗan'adam Sentinel-3, wanda Turai ta harba na farko a 2016, yana ɗauke da na'urar OLCI mai kallon ruwa ta launi 21, kowane ɗigo na hoton kusan mita 300 ne. In ruwa ya yi kore to akwai ƙananan tsirran da kifi ke ci, in ya yi ja-ja kuma laka ce daga bakin kogi. Manhajata ita ke tace hoton ta fitar da taswirar gaɓar Ghana, musamman Yuli zuwa Satumba da ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasa, masunta su yi ta kwasar kifi.

Amma wlh ban taɓa zaton hazon gida ne zai biyo ni har nan ba. Kusan kashi 90 na hasken da tauraron ke gani daga iska yake, na ruwan ɗan mitsitsi ne, to da hunturu ƙurar Bodele ta Chadi sai ta rufe saman teku, lissafina ya rikice, har lambobin da ke ƙasa da sifili yake ba ni, wata uku ina bin Python, harshen da na rubuta manhajar da shi, layi-layi ina zaton ni na yi shirme. Malamina ne ya kalli hoto ɗaya ya ce duba kwanan watan, Janairu ne fa. Malam, Allah ya saka da alheri, ya ƙara ɗaukaka.

Ana cikin haka ma'ajiyar kwamfutata ta mutu da bayanan shekara biyu a ciki. Abokin ɗakina ya ba ni tasa sati shida, bai taɓa cewa yaushe za ka gama ba. Ɗan'uwa, ban san da wane baki zan gode maka ba.

Masuntan Tema da suka ɗauke ni a kwalekwale in zura farin faifai in auna hasken ruwa, ina ta amai suna ta dariya amma ba su juya ba sai da na gama, na gode. Mutanen unguwar Nima ta Accra da kuka ciyar da ni waake da tuwon zafi, Allah ya bar zumunci.

Sai Hajiyata. Ba ta taɓa ganin teku ba, amma duk asuba sai ta kira ta ce Allah ya sa ruwan ya nuna kansa. Jiya da na faɗa mata an gama ta yi hamdala, ta ce to yanzu sai ka taho mana da kifin.