Ni da Boxer da iskar hunturu a hanyar gida

Asabar da daddare, a ƙauye

Yatsuna har yanzu ba su gama saki ba. Na wanke fuska sau uku, amma in na shafa gira sai in ji ƙasa. Ina zaune a ƙofar ɗakin Inna, ƙwan sola yana ci a samana, ina so in rubuta yadda yau ta kasance kafin barci ya ɗauke ni.

Tun watan jiya na yi wa Inna alƙawarin farantin sola da batir da ƙwai biyu, don ta huta da sayen batirin tocila da aika yara cajin waya bakin kasuwa. Jiya na karɓo kayan a Sabon Gari. Maiɗakina ta ce in shiga mota, na ce a'a. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya zama abin da sai ka zauna ka yi lissafi, kuma ko na sauka a Kazaure dole in sake neman mai babur ya shigar da ni ƙauye. Ga nawa a ajiye, Boxer ce, ba ta shan mai, ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Da asuba sanyi ya hana ta tashi. Sai da na ja cok na buga kik wajen sau shida kafin ta amsa, na bar ta tana ɗumama na koma ɗaure kaya. A nan na yi kuskuren da ya bi ni rabin hanya. Batirin na sa shi a kan kariya, farantin kuma na tsayar da shi a bayana kamar allo, na ɗaure da roba, don ina tsoron in na kwantar da shi gargada za ta fasa gilashin. Na sa rigar sanyi a ciki, na ɗora doguwar riga a kai, na naɗe hanci da baki da rawani, na sa hular kwano da safar hannu. Ƙarfe bakwai da ɗan wani abu na fita.

Cikin gari ban ji komai ba, gine-gine sun tare. Ina wuce Dawanau na miƙi hanyar Dambatta, fili ya buɗe, sai iskar ta same ni. An gama girbi, gonaki fayau, ba dawa ba gero, sai kututturen kara da gawo jefi-jefi. Babu abin da zai rage mata ƙarfi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ni kuma arewa na nufa, saboda haka ta gaba ta gefen dama take dukana, tana tura ni hagu, wato tsakiyar titi, hannun masu tahowa. Wannan shi ne abin da ya fi tayar min da hankali. Da jeji take tura ni da sauƙi.

Hazo kuwa ba a magana. Rana ta fito fara fat kamar faranti, kana iya kallonta ido da ido. Yawancin wannan ƙurar daga can arewacin Chadi take tasowa, daga kwarin Bodele, inda a zamanin da ruwan babban tafki ya kwanta ya bushe ya bar gari mai laushi. Iska tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwaso shi ta kawo mana. Na yi ta tunanin wannan a kan hanya, cewa ƙasar da ke shiga haƙorana ta yi tafiyar da ta fi tawa nesa ba kusa ba. Na kunna fitila ko da yake safiya ce, ba don in gani ba, don a gan ni.

Boxer ba ta da nauyi, buhun masara ne da ɗan ɗoriya. Ga ni a kai da doguwar riga tana kumbura, ga faranti a tsaye a baya. Duk lokacin da iskar ta bugo sai in ji kamar wani ya kama bayan babur ɗin ya karkatar. Abin da jikina ya yi da kansa shi ne ƙanƙame kan babur, na sandare hannuwa har kafaɗa. Yanzu da nake zaune na gane wannan ne ya ƙara dagula lamarin, domin in hannu ya sandare, duk bugun da iska ta yi wa ƙirjinka kai tsaye yake sauka a kan tayar gaba.

Wata tirela na tarar tana tafiya a hankali, na ce bari in wuce ta. Ina shiga gefenta iskar ta ɗauke ɗif, don jikinta ya tare min. Ni kuwa dama a kishingiɗe nake ta dama ina tokare iska, da ta ɗauke sai na ji ina zubewa wajen tayoyin motar. Na gyara da ƙyar. Ina fita ta gaban hancinta kuma iskar ta dawo gaba ɗaya ta watsa ni hagu har na kusa taka bakin kwalta na can ɓangaren. Allah Ya sa babu mai tahowa. Na yi ta maimaita Innalillahi har na shiga Dambatta, ƙafafuna suna rawa a kan matakai.

Na tsaya wajen wani mai shayi. Kusa da shi akwai mai faci, dattijo, yana jin ɗumin wuta. Tun kafin in kashe babur ya kalli kayan ya girgiza kai.

"Ɗana, daga ina da wannan allo a tsaye?"

"Daga Kano, Baba."

"Kuma ka iso? To ka gode wa Allah. Kwance shi."

Shi ya nemo min kwali biyu da wani tsohon buhu. Muka shimfiɗa buhun a kan kariya da rabin kujera, muka kwantar da farantin tsakanin kwalaye, gilashin yana kallon sama, batirin muka matso da shi gaba dab da bayana don nauyin ya dawo tsakiya. Ya ce in tattare rigar in cusa a wando ko in ɗaure ta a ƙugu, don ba iska kaɗai ba, bakin riga yana iya shiga sarƙa. Sannan ya matsa tayoyin da babban yatsa ya tambaye ni ko zan sauka daga kwalta. Na ce e, bayan Kazaure. Ya ce in na zo sauka in ɗan rage iskar taya, kaɗan fa, kada in rage har rim ya riƙa cizon tiyub. Na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa, sai shayi na saya masa da biredi.

Daga Dambatta zuwa Kazaure kamar an canja min babur. Iskar ba ta ragu ba, ƙaruwa ma ta yi da rana ta ɗaga, amma yanzu ba ta da abin kamawa. Na matse tanki da gwiwoyi, na sassauta hannu, na ɗan sunkuya, na bar babur ɗin ya jingina da iskar yadda yake so. Na rage gudu na koma giya ta uku a wuraren da ta fi ƙarfi, don injin ya kasance yana ja, ba yana lilo ba. Na kuma fara karanta hanya tun daga nesa. In na hango jerin bishiyoyi ko gari a dama, na san iska za ta yanke, in na zo ƙarshensu za ta dawo. Kan gada da inda titi ya hau tudu nan ta fi mugunta. Ganyen leda da ƙurar da ke tsallaka titi su suke gaya maka abin da ke gabanka.

Ramuka ma akwai su nan da can, kuma hazo yana ɓoye su sai ka zo kai. Wanda na gani da wuri na kauce, wanda ban gani ba na taka birki kafin in isa, na sake shi, na ɗan ɗaga jiki daga kujera na wuce. Shiga rami da birki a danne shi ke lanƙwasa rim.

Duwatsun Kazaure sun bayyana kamar inuwa wajen ƙarfe goma. Na sha mai, na duba ɗaurin kaya, na bi hanyar da ke yin wajen Yankwashi, daga baya na sauka kan burji. Na tsaya na rage iskar tayoyin kamar yadda Baba ya ce.

Burjin nan na san shi tun ina yaro, amma kowace shekara da irin fuskarsa. Bana gargada ce, irin ƙananan kunyoyin nan a jere da motoci suke bari, sai ka ce an yi wa hanyar huɗa a kwance. In ka yi a hankali kowace kunya sai ta girgiza ka har ƙwaƙwalwa, in ka yi gudu taya ba ta zama a ƙasa balle birki ya kama. Saboda gilashin da ke bayana na zaɓi a hankali, na bi gefe-gefe inda masu keke suka daddale wata siririyar hanya mai santsi. Wani wuri an zuba tsakuwa ba a danne ba, tayar gaba tana ta yawo. Nan ma dai maganar ɗaya ce, kada ka yi komai da gaggawa, ba birki ba, ba totur ba, ba juya kai ba.

Sai rairayi. Akwai wani burtali da ake ratsawa kafin a shiga garinmu, shanu sun tattake shi, iska kuma ta tara yashi a tsakanin shingen aduwa da kara. Na shiga da giya ta biyu lafiya lau, na yi kusan rabi. Wasu awaki suka fito daga shinge. Hannuna ya rigaye tunanina, na damƙi birkin gaba. Nan take tayar ta nutse ta karkace, muka kwanta ta dama ni da babur. Ba da gudu ba ne, yashin ma ya tare ni, amma salansa ta taɓa min ƙwauri ta cikin wando. Ban ma ji zafin ba a lokacin, faranti na fara dubawa. Ko tsagewa bai yi ba. Kwalayen nan su suka cece shi.

Wani yaro ya taho a kan tasa Boxer ɗin da buhu biyu na gyaɗa, bai fi shekara sha bakwai ba. Ya tsaya ya taya ni ɗagawa.

"Sannu Yaya. Birkin gaba ka kama ko?"

Na ce e.

"A yashi ba a taɓa shi. Ka koma baya a kan kujera, ka riƙe wuta daidai, kada ka saki. In kan yana rawa ka ƙyale shi ya yi rawarsa, zai dawo. Kuma kada ka kalli ƙasa, kalli can inda za ka fita."

Ya hau ya wuce ina kallo. Bayan babur ɗinsa yana wutsil-wutsil, kan yana kaɗawa, shi kuwa ko a jikinsa, kafaɗunsa a sake. Na yi shekara goma sha ina tuƙi, har acaɓa na taɓa yi kafin a hana ɗaukar fasinja a babur cikin Kano a 2013, amma duk a kwalta na yi su. Yaron nan a wannan burtali ya koya, kuma abin da ya faɗa min gaskiya ne. Na bi sawun tayarsa. Sau biyu kan ya fizge, sau biyu zuciyata ta ce in rage wuta, na daure ban rage ba, babur ɗin ya miƙe da kansa. Inda yashin ya fi zurfi na sauke ƙafafu ina tokarawa, ban ga abin kunya a ciki ba, kayan Inna nake ɗauke da su.

Na iso ana kiran azahar. Inna ta fito ta gan ni fari fat har gashin ido, ta riƙe baki.

"Kai kuwa wa ya aike ka cikin wannan iska? Da ka bari ta kwanta."

Ta sa aka kawo min fura, ta ga ƙunar ta sa na yi ta zuba mata ruwan randa. Ba ta yi zurfi ba, ta dai tashi. Kawu ya zo muka gaisa, ya zagaya babur ɗin yana dubawa, ya ce sarƙar ta sha yashi, kada in kuskura in ƙara mata baƙin mai a haka, yashi da mai in suka haɗu su ke cinye haƙoran sifoket. Da la'asar muka wanke ta da kananzir da tsohon buroshi, ta bushe, sannan muka ɗiga mata mai kaɗan. Na buɗe iyakilina, wato abin da ke tace iskar da injin ke shaƙa, soson ya koma ja jawur. Shi ya sa tun daga burji nake jin injin yana shaƙewa in na ba shi wuta. Shi ma na wanke na shanya.

Farantin mun ɗora shi a kan rufin ɗakin, Kawu ya ce a ɗaure shi da waya ta kusurwa huɗu a kuma danne, don iskar da ta so ƙwace shi a hanya tana nan. Na nuna wa ƙanena yadda zai riƙa goge ƙurar kowace safiya, in ba haka ba caji ba zai yi ƙarfi ba. Da magariba Inna ta kunna da hannunta, ta daɗe tana kallon ƙwan, ta yi ta sa min albarka har na rasa inda zan sa kaina.

Gobe komawa kudu zan yi, iskar za ta kasance a bayana ta hagu. Ke nan duk babbar motar da ta taho za ta tare min ita na ɗan lokaci sannan ta sake min, dole in riƙa matsawa dama tun kafin mu haɗu. Yau na lura tun daga hantsi zuwa azahar ta fi haukacewa, da yamma kuma ta lafa, don haka sai na yi la'asar da wuri zan kama hanya in shiga Kano kafin duhu. In na hau kwalta a Kazaure zan tsaya wajen mai faci a mayar min da iskar tayoyi. Akwai kuma ƙullin gyaɗa da Inna ta ce in kai wa Baba mai facin nan na Dambatta.