Asaimen ɗin Ruwan Bagaja da jan biron Malama

Semesta ta biyu muna aji ɗaya a sashen Hausa nan Gusau, Malamar adabi ta raba muna takarda guda mai ɗauke da ƙa'idojin asaimen. Ni dai na karanta layin farko, na ga an ce nazarin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, sai na ninke ta na cusa cikin jaka, don littafin nan tun ina sakandare na kusa haddace shi. Daren Laraba na zauna na cika shafi bakwai, tun daga fitowar tauraron labarin, Alhaji Imam, daga Kwantagora har duk cutar da sunka riƙa yi ma juna shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, na ƙara da tarihin gasar rubuta littattafai ta 1933 da Baturen nan Rupert East ya shirya a Zariya, wadda ta haifar da littafin, wallahi har daɗi nake ji ina rubutawa.

Bayan sati biyu takarda ta dawo, maki 6 cikin 20, kuma jan biro ko'ina. Raina ya ɓaci sosai, na bi ta ofis na ce Malama don Allah ina kuskurena. Ba ta yi faɗa ba, ta ce ɗauko takardar da na ba ku. Da ƙyar na lalubo ta a ƙasan jaka duk ta yamutse. Ta ce karanta da ƙarfi. Ashe abin da anka nema shi ne a fito da babban jigo guda, a warware shi, a kawo hujja daga cikin littafin tare da lambar shafi, sannan a nuna yadda salo da halayen taurari sunka taimaki jigon, shafi huɗu kacal ban da manazarta, wato jerin littattafan da anka duba. Ni kuwa labari na ba ta, labarin da ta riga ni sani tun ba a haife ni ba. Ta ce ɗana, mai nazari tambaya yake amsawa, me ya sa marubuci ya yi haka bai yi haka ba.

Ta ba ni kwana biyar in sake. Wannan karon na aje takardar ƙa'idojin gabana, duk abin da na gama sai in sa mai alama da fensir. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne hujja, saboda faɗin cewa Zurƙe mayaudari ne abu ne mai sauƙi, amma sai ka nemo wurin, ka ɗauko jimlar yadda take, ka sa shafi, sannan ka yi bayanin abin da ta nuna da bakinka. Nan na gane sakin layi ɗaya magana ɗaya yake ɗauka, ka faɗe ta, ka kafa hujja, ka warware, ka wuce. Tarihin gasar da nake taƙama da shi kuwa layi biyu ya koma a gabatarwa, kuma har yanzu ina ganin haka ya fi.

Sai matsalar taifin. Yaron da ya buga min a kafe kwamfutarsa ba ta da haruffa masu ƙugiya, ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki, alhali takardar ta ce za a rage maki kan ƙa'idojin rubutu. Dole na zauna kusa da shi muna bi layi layi, har anka kira magariba ba mu gama ba, gobe da safe na dawo munka ƙarasa na biya kuɗin firintin karo na biyu.

Na samu 15. Maki biyun da na fi jin zafi a manazarta na rasa su, na manta ban sa shekarar bugu da sunan maɗaba'a ba, ga shi kuwa an rubuta ɓaro-ɓaro a layin ƙarshe na takardar.