Ta gas ko ta fetur

Talata, bayan isha'i.

Yau ma ba a yi cinikin motar ba, ga masu ta aiko min da saƙo tun safe. Kuɗi na nan a ajiye, albasa kuma na can Goronyo tana jiran mai ɗauko ta.

Da nishaɗi muka fita. Na biya Mabera na ɗauki Kawu Ɗahiru, na tarar har ya shirya yana zaune ƙofar gida da farar rigarsa ta Juma'a. Usta Bello bakanike ya riga mu isa da babur ɗinsa. Dillali ya jera mana motoci uku. Biyu Hiace ne, farare, 'yan Kwatano, shekarunsu kusan ɗaya, ɗaya mai injin 5L da ke shan gas, ɗaya mai 2TR da ke shan fetur. Ta ukun wata doguwa ce ta Turai, ita ma ta gas, kuma duk ta fi su kyan gani da fili a ciki. Ita ba mu daɗe a kanta ba. Usta ya leƙa ya ce nozul ɗinta kwamfuta ke sarrafa su, ga wani rariya a cikin salansa mai tare toka, wanda ƙura da gas mai datti da gajeren zirga-zirga cikin gari kan toshe shi. Ya ce in ta kunna fitila a dashbod sai an nemo mai na'ura. Kawu ko kallonta bai yi ba.

Wurin mai 5L ya nufa. Ina son ganin Kawu gaban mota, wallahi. Kafin dillali ya taɓa makulli sai ya ɗaga masa hannu, ya sa aka ɗage kujerar gaba, don injin Hiace ƙarƙashinta yake, ya ɗora bayan hannunsa a kai. Yana son ya san ko an ɗumama ta kafin mu zo, saboda injin gas da ya gaji da sanyinsa ake kama shi. Ya ji ta da sanyi, ya ce a murɗa makulli a jira fitilar hita ta mutu tukuna. Bugu ɗaya ta tashi. Ya kwance murfin baƙin mai, ya aza shi a bakin ramin ba tare da ya ɗaure ba, ya tsaya yana kallo. Murfin ya ɗan yi rawa amma bai yi tsalle ba, alamar ringi da sauransa. Ya zaga baya ya fiddo farin hankici ya kara a bakin salansa, ya ce wa yaron dillali ya taka. Hayaƙi baƙi ya fito sau ɗaya ya washe. Ya nuna min hankicin, toka ce busasshiya, babu maiƙo.

“Baƙi ba komai, nozul ne ke son wanki,” in ji shi. “Shuɗi ake gudu, mai take ci. Fari mai ɗorewa kuma ka ce ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Wagga lafiyarta lau, ka jiya?”

Daga nan ya shiga ba ni dalilansa, kuma babu wanda zan iya turewa. Babban buhun albasa ya haura kilo 100, in aka cire kujerun baya aka yi lodi, injin gas ne ke ja ba tare da an yi ta kuka da giya ba. Ba shi da fulogi, ba shi da koyil. Lita ɗaya ta gas ta fi ta fetur nisan tafiya, musamman da kaya a doguwar hanya. In ana canza masa baƙin mai da tayamin bel a kan lokaci, kuma ba a bar shi ya yi zafi ba, sai bodi ya ruɓe inji na nan.

Ni ma na san lissafin ya canza. A 2022 gas ya kai wajen naira 800 lita, fetur a farashin gwamnati bai kai 200 ba, don gwamnati na biyan tallafi a kan fetur, gas kuwa tun tuni kasuwa ke yanka masa farashi. A lokacin mutane nawa na gani sun sauke injin gas daga bas ɗinsu sun ɗora na fetur. Da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi ranar 29 ga Mayu 2023, fetur ya ninka kusan uku cikin kwanaki, ya kuma ci gaba da hawa. Matatar Dangote ta fara fitar da gas a 2024. Har yanzu lita ta gas takan fi tsada, amma ratar ba irin ta da ba ce, in ka haɗa da ƙarancin shan mai sai ka ga mai gas ta dawo cikin lissafi. Na gaya wa Kawu haka, ya ji daɗi, ya ce ai ya san zan gane.

Duk wannan Usta na tsugune gefen mai 2TR yana duba shokozoba, bai sa baki ba. Sai da dillali ya fara maganar kafin alƙalami ya miƙe yana goge hannu.

“Kawu, in yi tambaya?”

“Yi mana, Bello.”

“Duk abin da ka faɗa haka yake. Injin 5L ba ya yawan ba da matsala. Amma ranar da ya bayar fa? A ce ta tsaya tsakanin Achida da Goronyo bayan la'asar, famfon injekta ne ya ƙi. Wa zai buɗe shi a can?”

Kawu ya ce ai famfo ba ya mutuwa haka kawai.

Usta ya ce ruwa da datti ke kashe shi, kuma su ake samu a gas ɗin jarka. Ya ce kowane ƙauye ka shiga za ka ga 'yan bumburutu da kwalaben fetur saboda babura da injin ban-ruwa, gas kuwa sai an dace, in an samu ma ba ka san watansa nawa a duro ba. In mai ya ƙare wa motar gas ta sha iska, sai an tsaya an fitar da iskar kafin ta tashi. Famfo in ya lalace cire shi ake yi a kawo gari wurin masu injin saiti, in kaya babu a nan a aika Ƙofar Ruwa a Kano. Ta fetur ita ma tana da biren bos, wato kwamfutar inji, bai ɓoye ba, amma abin da ya fi tsayar da ita fulogi ne, ko koyil, ko famfon mai na cikin tanki, kuma waɗannan direba zai iya ajiye na canji a mota, bakaniken ƙauye ya canza masa cikin awa ɗaya.

Sai ya sassauta murya ya ce, “Kuma Kawu, ɗanka Nasiru ne zai tuƙa ta.”

Kawu ya naɗe hankicin nan mai toka a hankali ya sa aljihu. Ya daɗe bai yi magana ba, har dillali ya janye gefe yana duba waya. Can ya ce, “Mu a zamaninmu in babbar mota 911 ta mutu a daji, tabarma muke shimfiɗawa ƙarƙashinta. Kwana uku ina yi a wuri guda ina jiran yaron mota ya dawo da kaya daga Gusau. Mutanen ruga su kawo muna fura da nono, ko sisi ba su karɓa. Ban taɓa tunanin za a zaɓi mota don gudun dare ba.”

Wannan maganar ce ke ta yi min yawo a kai tun ɗazu. Ba faɗa ya yi ba, ba kuma fushi ba. Mutum ne da ya shekara da shekaru yana kai albasa da shanu Legas, wanda ke gane ciwon inji da kunne, kuma duk abin da ya gwada yau daidai ya gwada shi. Motar da ya zaɓa ita ce ta fi dacewa da lodin da za mu yi. Amma hanyar da ya sani ba ita ce ta yanzu ba. Kowa a nan bai manta harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021 ba, da matafiyan da aka ƙone cikin mota a yankin Sabon Birni a Disambar shekarar. Direbobin gabas yanzu da agogo suke aiki, a yi lodi da wuri, a baro kafin rana ta yi sanyi. Wanda motarsa ta tsaya ba ya tunanin kuɗin gyara, tunanin yadda zai bar wurin yake yi. Abin ya yi min ciwo matuƙa, a ce dattijo ya kawo ilimin da ya sha wahala ya tara, sai rashin tsaro ya rage masa daraja a gaban ɗan da ya goya.

Ga shi rabin kuɗin motar nasa ne. Bijimansa ya sayar a Kara don Nasiru ya samu abin yi ya daina zaman majalisa. Ba zan iya ce masa kawai ga abin da na yanke ba.

A hanyar dawowa ba mu yi hira ba. Na kunna rediyo ya ce in rage. Da muka zo shataletalen Dandima ya ce in sauke shi nan, wai zai biya gaisuwar wani mara lafiya, zai hau Keke daga baya. Na roƙe shi in kai shi, ya ce a'a, Allah ya yi albarka.

Shago da rana, babu wani ciniki. Zafi kamar a bakin tanda, wuta kuma tun jiya ba su kawo ba. Alhaji Mamman ya kira kan bashinsa, na ce ya ƙara haƙuri zuwa Alhamis. Zazzaɓin Walid ya sauka, har ya ci tuwo, alhamdu lillahi.

Bayan magariba muka zauna da Maman Walid da biro da takarda. A doguwar hanya da cikakken lodi ta gas ta fi sauƙin mai, babu musu. Amma motar nan ba kullum za ta je ƙauye ba. Albasa lokaci gare ta, in kaka ta wuce aikinta rarraba kayan shago ne cikin gari, daga Tsohuwar Kasuwa zuwa Arkilla, Runjin Sambo, Gawon Nama, a kashe a kunna, a kashe a kunna. A irin wannan aikin ribar gas raguwa take yi. Kuɗin sabis ɗinta ma ya fi, ta fi cin baƙin mai, ga filtar gas da ba a wasa da ita. Ita ta kuma tuna min cewa in wata rana aka so mayar da mota ta koma amfani da iskar gas ta CNG ɗin da gwamnati ke ta magana, injin fetur ya fi sauƙin juyawa tunda da fulogi yake aiki. Ban ɗora lissafina kan wannan ba, amma na rubuta shi.

Tana ninke takardar ta ce, “Baban Walid, duk wannan ka riga ka sani. Kawu kake jin nauyi.” Haka ne.

Nasiru ya shigo wajen tara. Ya ce Baba bai ci abincin dare sosai ba, ya zaunar da shi yana ta ba shi labarin hanyar Kontagora da Jebba. Na tambaye shi kai wacce kake so, tunda kai za ka riƙe sitiyari. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Yaya, ta fetur. Amma don Allah kada ka ce ni na faɗa.”

Zuciyata ta fi karkata ga mai 2TR ɗin, kuma ba na jin zan canza. Usta zai koma gobe da ma'aunin kamfireshan ya gwada silinda huɗun, ya duba lagireto da kyau saboda zafin da muke ciki, ni kuma zan kai lambar shasi a tantance takardun kwastan kafin ko kwabo ya fita. Dillali ya ce zai riƙe mana ita zuwa jibi. Kafin duk wannan, bayan sallar asuba gidan Kawu zan fara zuwa, kuma shi nake so ya je ya gwada ta da hannunsa yadda ya gwada waccan, in ya yarda.