Yadda Na Fara Ganin Masaniyar Halayyar Ɗan'adam a Farkon Shekara

A makon farko na Janairun 2024 na yanki kati a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na wani asibitin gwamnati a Kano. Mahaifinmu ya fi shekara da rasuwa a lokacin, kuma ni ne babba a ɗakinmu, don haka hidimar Hajiya da karatun ƙannena duk suka dawo wuyana, ga nawa iyalin, ga albashin malamin makaranta. Barci ya ƙaurace min. Sai in farka tsakar dare in yi ta lissafi har a kira assalatu. Abinci ya fita raina, yarana kuwa da sun ji sallamata sai kowa ya nemi lungu, saboda tsawar da nake musu a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Maiɗakina ce ta matsa. Lokacin hutun zangon farko ta ce, "Malam, shekara za ta ƙare ka shiga wata a haka? Ka je a duba ka mana." Sabuwar shekarar ta ba ni abin kamawa, na sa rana na ce daga ita ba ɗagi.

Abin da ya daɗe yana riƙe ni shi ne bakin mutane. A Kano da an ambaci asibitin Dawanau, abin da ke zuwa zuciyar jama'a shi ne mutumin da ke tsince-tsince a bola. Ba ma su kaɗai ba, ita kanta dokar ƙasa ta daɗe tana kallon abin haka: dokar mahaukata ta 1958 ce ke aiki har zuwa Janairun 2023, lokacin da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta tanadi haƙƙin majinyaci, har da rufa masa asiri. Amma a kan bencin jira, cikin hazo da sanyin safiya, waɗanda na tarar mutane ne irina: wata mai jego da uwarta, wani ɗalibi da jakarsa a baya, wani dattijo yana jan carbi.

Likitan ƙwaƙwalwa na fara gani. Ya yi min tambayoyi tara a kan makonni biyun da suka wuce, barci, cin abinci, gajiya, ko hankalina na tsayawa a kan aiki. Ta ƙarshen ita ce ko na taɓa jin gara ma a ce na mutu. Na yi shiru, shi ma bai gaggauta ni ba. Ya sa aka ɗebi jinina don a tabbatar ba wata cuta ce a jiki ke jawo kasalar ba, sannan ya ce ciwon damuwa ne. Ya rubuta magani, ya ja kunnena cewa sai ya yi makonni kafin in ga aikinsa, kuma kada in daina sha rana tsaka don na ji sauƙi. Daga nan ya tura ni wurin masaniyar halayyar ɗan'adam. Ita ba ta rubuta magani, zama ake yi a tattauna.

Na shiga wurinta ina tsammanin nasiha, irin "a yi haƙuri, duniya ce" da na sha ji tun zaman makoki. Sai ta ce in sayi ƙaramin littafin rubutu, in ja layi in raba shafi gida uku: abin da ya faru, abin da na faɗa wa kaina a lokacin, da yadda na ji. Hanyar nan wani likitan Amurka, Aaron Beck, ya assasa ta a shekarun 1960, bayan ya lura masu ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu ba shiri, su kuma karɓe su a matsayin gaskiya ba tare da bincike ba.

Wata rana ƙanina ya bugo waya a kan kuɗin rajistar jami'a, na ce ya jira ƙarshen wata. A gida na biyu na rubuta: "Na gaza. Da Baba na nan da bai jira ba." Da ta karanta sai ta ce, "Malam, Baba bai taɓa ce maka ka jira ba?" Nan take na tuna shekarar da aka koro ni gida a kan kuɗin jarrabawa, ya zaunar da ni a zaure ya ce in yi haƙuri sai ya sayar da gyaɗa. Ban taɓa ganin gazawarsa a wannan ba. Na yi kuka a gaban matar nan, kukan da ban yi ba ranar jana'iza saboda ina tsaye ina karɓar gaisuwa. Daga ranar ta ƙara gida na huɗu a shafin, inda zan rubuta hujjar da ke goyon bayan tunanin da wadda ke ƙaryata shi.

Zumuɗin sabuwar shekara bai kai ni ƙarshen Fabrairu ba. Wani zaman in fito jikina ya fi mutuwa, don an tono abin da na binne. Ga kuɗin adaidaita sahu da ya yi tashin gwauron zabi tun cire tallafin mai a 2023, ga neman izini a makaranta. Na faɗa mata ina so in dakata. Ba ta roƙe ni ba, sai muka buɗe littafin tun daga shafin farko, na ga da idona cewa dararen da nake kwana ido biyu a jere sun ragu. Ta kuma ba ni aikin da na raina da farko: tattaki bayan la'asar, da komawa majalisar abokaina ko da raina ba ya so. Ta ce mai wannan ciwo in ya tsaya jiran sha'awa ta zo kafin ya motsa, zai daɗe yana jira. A ganina yawancin sauƙin da na samu a ranakun da ke tsakanin zama da zama na same shi.

Hajiya ce ta fi tayar da hankali da ta ji. "Ɗan nan, me ya yi zafi? Ba ka da Alƙur'ani ne?" Na ce mata ina da shi, kuma ban ajiye azkar ɗina ba, ko tofin da take min ban taɓa ƙi ba. Na tuna mata hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Malamanmu na da ma ba su ga wani karo tsakanin addini da neman irin wannan magani ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya bambance baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke zuwa ba dalili, ya kuma yi bayanin magance mugun tunani da kyakkyawan tunani. Da azumi ya kama a watan Maris, Hajiya da kanta take tambayata ko an sauya min lokacin shan magani.

Yanzu zaman ya koma jefi-jefi, kuma har yau akwai daren da nake farkawa, sai dai na san abin da zan yi da shi. Masu wannan aiki sun yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar nan, layi na da tsawo, shi ya sa yake da kyau a fita da sassafe. Asibitocin koyarwa suna da sashen, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Wanda kuwa tunanin cutar da kansa ke zuwar masa, kada ya jira Janairu ko ranar da aka ba shi, ya faɗa wa wani na kusa da shi su tafi sashen gaggawa a ranar.