Inda na kai da darasin jan da ke tsakanin molikul

'Yan'uwa masu koyon koyar da kemistiri a sakandare, ga inda aikin ya kai a zangon nan. Yanzu tambaya ɗaya nake buɗe darasin da ita: idan ruwa ya tafasa, me ke cikin kumfar da ke tasowa? Yawancin ɗalibai cewa suke haidurojin ne da oksijin. Tushen matsalar ke nan. A tunaninsu tafasa tana fasa molikul ɗin ruwan kansa, alhali kuwa nesanta molikul da maƙwabtansa kawai take yi. Muddin wannan bai zauna ba, duk abin da aka ɗora a kai zubewa yake.

Lissafi na taimakawa a nan. Tsinke ɗaurin oksijin da haidurojin guda yana cin kusan kilojul 460 a kowane mol (ma'aunin yawan ƙwayoyin abu a kemistiri), amma mayar da mol ɗin ruwa tururi a digiri 100 kusan kilojul 41 ne kawai. Da na rubuta lambobin biyu gefe da gefe, sai yara su fara gane cewa abu biyu daban ake magana.

Abin da ya fi yi mini aiki shi ne ɗigo uku a kan gilashi: asiton, etanol da ruwa, nesa da wuta. Ɗigon ruwa ya tsaya a dunƙule, na etanol ya baje, na asiton kuwa kafin a gama rubuta sunansa ya ɓace. Sai na ce su jera su, wanne ya fi riƙe 'yan'uwansa, kafin na faɗi digirin tafasarsu: 56, 78 da 100. Daga nan nake kawo etanol da daimetil ita. Atam ɗinsu iri ɗaya ne, C2H6O, amma ɗaya yana tafasa a 78, ɗayan kuwa wajen 24 ƙasa da sifili. Bambancin shi ne haidurojin guda da ke manne da oksijin a etanol, wanda ke ƙara ƙarfin jan tsakani. Ina barinsu su nemo shi da kansu a zane, layi cikakke don ɗaurin ciki, layin ɗige-ɗige don jan tsakani.

Inda har yanzu nake fama shi ne jan da Fritz London ya yi bayaninsa a 1930, wanda motsin ilektiron na ɗan lokaci ke haifarwa. Yara sun haddace cewa shi ne mafi rauni, sai aidin, wanda jan nan kaɗai ke riƙe molikul ɗinsa da juna, ya rikita su: daskararre ne a zafin ɗaki, buromin ruwa-ruwa, kulorin da fulorin kuwa iska. A ganina haddar nan ta fi cutarwa, domin jan yana ƙaruwa da yawan ilektiron da kuma faɗin wurin da molikul ke taɓa juna. Fentan yana tafasa a 36, niyofentan wajen 10, kuma nauyinsu ɗaya. Dogayen sanduna irin molikul ɗin fentan suna kwanciya jikin juna, ƙwallaye irin na niyofentan kuwa a wuri ɗaya suke haɗuwa.

Mako mai zuwa zan gwada dalilin da ya sa ƙanƙara ke yawo a saman ruwa. Wanda ya sami hanyar nuna wa ɗalibai motsin ilektiron na ɗan lokaci ba tare da kwamfuta ba, don Allah ya taimaka mini da ita.