Birai da tsuntsaye a The Crags

Laraba, bayan isha'i

Ƙafafuna sun yi tsami, amma gara in rubuta yanzu tun abubuwan suna da ɗumi a raina. Da hantsi muka bar masaukinmu a Plettenberg Bay, ni da ƙaramar 'yata, muka bi titin N2 ta gabas kamar kilomita 16 zuwa yankin da ake kira The Crags. A nan mafakar birai ta Monkeyland da ta tsuntsaye ta Birds of Eden suke, taku kaɗan ne tsakaninsu, shi ya sa masu yawon buɗe ido a wannan gaɓar ta Afirka ta Kudu kan haɗa su rana ɗaya.

Da biran muka fara. An buɗe Monkeyland a 1998. Kurmi ne na asali mai faɗin hekta 12, an zagaye shi da dogon shinge, biran suna sake a ciki, mutum ne ke shiga a bayan jagora yana bin hanyar da aka nuna masa. Jagoranmu matashi ne mai sanyin murya. Kafin mu taka ƙofa ya gindaya mana sharuɗɗa: ba taɓawa, ba ba da abinci, kowa ya zuge jakarsa ya riƙe tabarau da wayarsa da kyau. Yarinyar ta kalle ni, don tun a mota take lissafin yadda za ta shafa kan biri.

Ba mu yi nisa ba muka iske lemur, masu jela mai zobe-zoben fari da baƙi, sun jeru inda rana ta ratso ganye, kowanne ya zauna daram ya buɗe hannuwa ya ba rana ƙirji. Haka suke ɗumama jiki da safe. Asalinsu Madagaska ne, kuma a cikinsu mata ke da iko: na ga wata ta zo kan dandamalin abinci, namijin da ke wurin ya matsa gefe ba gardama. Jagoran ya ce a ƙididdigar da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta fitar a 2020, daga cikin nau'o'in lemur 107, guda 103 suna fuskantar barazanar ƙarewa, galibi saboda sare daji da farauta. Na sake duban waɗanda ke gabana da wani ido daban.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne wani ɗan biri kapucin, irin na Amurka ta Kudu. Ya sauko daga reshe ya zauna dab da mu, yana kallon fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya ba ko ɗar. Dabbar daji ba ta yi wa mutum irin wannan kallon. Jagoran ya ce yawancin biran da ke nan ba a daji aka ɗebo su ba. Wasu daga gidajen mutane suka zo, wasu daga gidajen namun daji da suka rasa yadda za su yi da su, wasu daga ɗakunan gwaje-gwaje. Labarin na gida kusan iri ɗaya ne kullum. Ana raba jariri da uwarsa tun yana shan nono, a sayar wa wanda ya ga kyansa. A sa masa riga, a ba shi madara a kwalba, a yi ta ɗaukar hoto. Bayan 'yan shekaru ya balaga, ya fara cizo da ɓarna kamar yadda halittarsa take, sai a jefa shi keji a bayan gida, wani ma a cire masa haƙora. Kuma kapucin yakan haura shekara 40 a hannun mutane. Wanda ya saye shi don sha'awar wata uku bai lissafa wannan ba.

Irin wannan birin idan ya iso, bai san shi biri ba ne. Bai iya hawan dogon itace ba, bai san gaisuwar 'yan'uwansa ba, bai san wanda ake kauce wa a garke ba. Sai a fara ajiye shi a wani killataccen wuri a gefen kurmin, yana ganin sauran suna ganinsa, har jikinsa ya yi ƙwari ya saba da su, sannan a buɗe masa.

'Yata ta ja hannun rigata. "Abba, to in ana son su, me ya sa ba za a taɓa su ba?"

Na ce, "Mamana, taɓawar ce ta kawo su nan. Yanzu so ake su manta da hannun mutum su koma wa junansu."

Ta yi shiru, ta mayar da hannuwanta baya ta harɗe su. Haka ta riƙe su har muka wuce. Ni kaina sai da na danne zuciyata, don ɗan birin nan yana da idon da ke kiran mutum ya miƙa hannu.

Daga nan muka hau gadar igiya mai tsawon mita 128 da ta ratsa saman itatuwa. Tana lilo kaɗan, yarinyar tana dariya, ni ina riƙe da igiya. A can ne muka ji kukan birin gibon, wani dogon kira mai hawa sama yana ƙara sauri. Ɗan kudu maso gabashin Asiya ne, ba shi da jela, kuma da hannuwa yake tafiya daga reshe zuwa reshe. Mun hango shi sau ɗaya, ya wuce ta samanmu kafin in ɗaga waya.

Akwai abin da na yi ta juyawa a raina a kan gadar. Wannan wuri ba daji ba ne na gaskiya. Ɗan Madagaska da ɗan Asiya da ɗan Amurka ta Kudu ba za su taɓa haɗuwa a itace ɗaya ba in ba mutum ya haɗa su ba. Abinci ma ma'aikata ke zubawa a kan dandamali, kuma shinge yana nan. Amma ina za a kai su? Birin da ya girma a falo, in aka sake shi a kurmin kakanninsa, ba zai kai labari ba, kuma yana iya kai wa na can cuta. A ganina abin da aka yi musu a nan shi ne mafi adalcin da ya rage. Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali shi ne dokar hana taɓawar nan. Duk wurin da ya kira kansa mafakar dabbobi amma yana ɗora wa baƙo jaririn biri a kafaɗa don hoto, to dole ya riƙa neman sababbin jarirai, kuma kasuwar da ta jawo matsalar ce yake ciyarwa.

Bayan azahar muka shiga Birds of Eden. An buɗe shi a Disambar 2005. Wata ƙatuwar raga ce ta waya aka lulluɓe kwari guda da ita, faɗin hekta 2.3, da itatuwansa da ƙoramarsa, tsayinta a wani wurin ya kai mita 55. Tsuntsaye sama da 3,000 ne a ciki, nau'i fiye da 200. Nan babu jagora, mutum ke bin hanyar katako mai tsawon kilomita 1.2 yadda ya ga dama. Da farko ba ka ganin komai sai ganye, kunne ne kawai ke cika. Sai ka tsaya cak, sannan su fara bayyana.

Mun ga jinjimi ja wur na Amurka ta Kudu, wanda jansa daga abincinsa yake, ƙananan halittun ruwa masu ɓawo. Mun ga gauraka da tukkunta na zinariya. Wanda ya fi burge ni ɗan gida ne, turako na Knysna. A zaune kore ne shar, da farin layi a gefen ido, har ka rasa shi cikin ganye. Da ya buɗe fiffike sai ga ja kamar garwashi. Wannan jan daga wani sinadari ne mai ɗauke da tagulla, wanda a gashin dangin turako ake samunsa.

Sai kuma aku. Muna jingine da katakon hanya ya sauko ya dira kusa da gwiwar hannuna, ruwan toka da jar jela, amma ƙirjinsa duk a fige, fata a waje. Aku idan kaɗaici da ƙunci suka yi masa yawa, gashin jikinsa yake tsigewa da bakinsa, wani kuma ko an kawo shi wuri mai faɗi halin ba ya barinsa. Ya karkata kai ya dube mu, ya yi mana gaisuwa da Turanci, da muryar wata mace tsaf.

Na san tarihin wannan tsuntsu kaɗan, shi ya sa gaisuwar ta sosa mini rai. A kurmin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya garke-garke suke kwana. Masu kama su kan shafa danƙo a reshe ko su kwashe 'ya'ya daga kogon itace, da yawa kuma a hanya suke mutuwa kafin su kai kasuwa. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna Ghana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta tun daga 1992. A 2016 ɗin ce, a taron CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin namun daji, da aka yi a Johannesburg, aka haramta cinikin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Iya maganar da ta sa ake sonsa ita ta jawo masa wannan duka. Kuma yakan yi shekara 50 a raye, sau da yawa mai shi ya riga shi mutuwa, ko ya gaji da shi.

"Abba, wa ya koya masa?"

"Matar da ta riƙe shi a da, Mamana."

"Tana ina yanzu?"

Ba ni da amsa. Akun ya sake maimaita gaisuwar, ya jira kaɗan, sannan ya tashi. Tashin nasa da nauyi, amma ya kai reshen da wasu akun biyu suke, suka matsa masa.

Mun daɗe a ƙasan kwarin wajen ƙoramar, har ma'aikata suka fara zagayen yamma da bokitan 'ya'yan itace. A hanyar fita muka ga shuɗiyar gauraka, tsuntsun da Afirka ta Kudu ta ɗauka tambarinta, tana takawa a hankali da dogayen gashin fiffike har ƙasa. Yarinyar ta rubuta sunanta a ɗan littafinta, ta ce na ashirin da wani abu ke nan, ban da waɗanda ba mu gane ba.

Ta yi barci tun a mota. Gobe in Allah ya kai mu za mu yi sammako zuwa Tsitsikamma, bakin kogin Storms, kuma an ce da yiwuwar ruwa da rana, don haka sai na ciro rigunan ruwa daga ƙasan akwati kafin in kwanta.