Sabis ya ɗauke, ciniki ya tsaya

Ni da Baba muna da wata gardama da ba ta ƙarewa. Ƙarfe shida da rabi na safe zai zauna a kan buzunsa a zaure, ya zaro eriyar rediyonsa ya kamo BBC. In na zo gaishe shi sai ya ɗaga mini hannu, wai in dakata a gama kanun labarai. Ni kuwa labaran nan duk na gan su tun daren jiya a Facebook, wasu har da bidiyo. Wata rana na yi suɓutar baki na faɗa masa haka. Ko kallona bai yi ba, ya ce, "To kai da kag gani tun jiya, mi kay yi a kai?" Na sosa ƙeya na wuce rumfa.

Rumfar tawa tana Tudun Wada a nan Gusau. Ta kwano ce, faɗinta bai wuce a shimfiɗa tabarma biyu ba. Ina cire wa mutane kuɗi da POS, ina cajin waya, ina sayar da kati da data. Na yi difloma a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙauran Namoda, takardar tana cikin akwatin Inna tare da zannuwanta na biki. Abin da ke ciyar da ni shi ne 'yar na'urar nan mai kamar bulo da wayoyi biyu. Da can in abokai suka fara musun siyasa a bencin gaban rumfata, cewa nake ni ba ruwana, ɗan kasuwa ne ni. Na daina faɗin haka tun watan Satumba na 2021.

Wanda ba ya Zamfara a lokacin zai ɗauka ƙari nake yi. A farkon watan ne hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a faɗin jihar, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle. Aka ce na mako biyu ne. Dalilin da aka bayar shi ne a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, a kuma toshe hanyar cinikin kuɗin fansa, sojoji su samu su yi aikinsu. An haɗa da rufe kasuwannin mako da hana sayar da fetur a jarka. Shekarar ce aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe a watan Fabrairu, su 279 da aka sako daga baya, don haka jama'a sun kai bango. Ni kaina na ce a rufe, in dai za a samu lafiya. Abin da ban lissafa ba shi ne da sabis ɗin nan nake cin tuwo.

Washegari na buɗe rumfa kamar kullum, na kunna POS, ta yi ta juyi tana neman abin da babu. Caji ma ya mutu, don wa zai biya kuɗin cajin wayar da ta koma tocila? Kwana uku ina zaune ina korar ƙuda. A na huɗu wani maƙwabcinmu, dattijo mai sayar da hatsi, ya kira ni ya ce, "Ɗana, an ce Funtua akwai sabis. Ka tai ka kira min yaron nan na Legas, ka ce mai muna lahiya, kuma ya turo abin da za ya turo ta hannunka." Kafin magariba labari ya zaga unguwa. Na kwana da takarda cike da lambobi, kowace lamba da saƙonta a gefe: wannan a ce masa matarsa ta sauka, namiji, wannan a ce an ɗaga ɗaurin aure, wannan a tambaye shi ko ya isa Kano lafiya, don tun da ya fita ba a ji ɗuriyarsa ba. Wasu ma wayoyinsu suka ba ni ɗungurungum, na zuba a leda.

Ba zan manta tafiyar nan ba. Mun wuce Kwatarkwashi, mun wuce Tsafe, motar tsit, kowa da wayarsa a hannu yana leƙawa kamar mai duban wata. Can bayan mun shiga ƙasar Katsina sai wayar wata mata a baya ta yi ƙara. Sai ta kusa da ita. Sai ledar da ke cinyata ta ɗauka gaba ɗaya, saƙonnin kwana da kwanaki suna shigowa a lokaci guda. Direba ya gangara gefen titi ba tare da kowa ya ce masa ya tsaya ba. Matar nan ta fashe da kuka tana cewa "Alhamdu lillahi", wani kuma saƙon rasuwar yayansa ya tarar, an yi jana'iza tun shekaranjiya. Na zauna a gindin wata bishiya na yi kira ya fi talatin, ina yi ina soke suna da biro. Ba a daɗe ba aka kashe na Funtua ma, masu hali suka riƙa zarcewa Zariya. Sauran kuma aka koma rubuta wasiƙa ana ba direbobi a tasha, abin da na ɗauka ya ƙare tun zamanin su Baba.

A makonnin nan zauren Baba ya koma fada. Samarin da ke yi masa dariyar rediyo su ne suke zuwa da daddare, ƙarfe takwas da rabi, su tsuguna a ji abin da ke faruwa a jiharmu daga bakin mutanen da ke Landan da Abuja. Baba bai ce komai ba, sai dai na lura ya riƙa ƙara murya fiye da yadda ya saba.

An maido wa Gusau sabis ranar 1 ga Oktoba, ranar da jihar ta cika shekara 25 da ƙirƙira. Ƙauyuka suka ci gaba da zama a duhu har wajen ƙarshen shekara. Ko rufewar ta yi amfani? Kowa da abin da zai ce. Abin da na sani shi ne gwaggona da ke wajen Zurmi ta ce a da in an ga baburan mutanen daji sun doso, ana bugo waya daga ƙauyen gaba a ce ku gudu. A watannin nan sai dai a ji harbi. A shekarar nan dai gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, daga Yuni har Janairun 2022, 'yan Legas da Abuja suna ta kururuwa. Ba na raina kukansu, amma su ɗaki ɗaya aka kulle musu, mu gidan aka garƙame aka tafi da makulli.

Sai kuma abin ya juya. A farkon 2023, da canjin kuɗi ya zo, mu masu POS muka zama 'yan gata, muka kuma zama abin tsinuwa. Babban Banki ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffin aka ce a mayar, sababbin kuma babu su. Mutum da kuɗinsa a asusu amma ba zai iya sayen kokon naira hamsin ba. Ni ma sayen tsabar kuɗin nake yi, daga gidajen mai da 'yan kasuwar da ke tara ciniki, su ɗora nasu, ni ma in ɗora nawa. Inda nake karɓar naira 100 a kan 5,000 sai da na kai ina karɓar 1,000. Zan iya cewa dole ce ta sa, kuma da gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Akwai kwaɗayi. Inna ce ta ji labari wurin matan unguwa, ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Ashe kai ne ka yanka mutane da rana tsaka? Kuɗɗin hawaye ba su albarka." Washegari na rage, ba don na fi sauran tsoron Allah ba, don dai gida ɗaya muke kwana da ita.

Abin dariyar shi ne gwamnatin da ta sa aka kashe mana sabis ita ce ta shiga cikin jihohi ukun farko, tare da Kaduna da Kogi, da suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli kan canjin kuɗin. Ranar 3 ga Maris kotu ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun. Kafin nan an riga an koya wa mutane abin da shekara goma ta wayar da kai ba ta koyar ba. Mai shayin kusa da ni ya rubuta lambar asusunsa da gawayi a bango. Tsohuwa mai ƙosai ta iya cewa "sai na ga alat". 'Yan damfara su ma suka iya turo alat na bogi, ni kaina sun ci ni sau ɗaya, naira 20,000, yaron sanye da farar shadda kamar ɗan mutunci.

Akwai abin da na daɗe ina jin nauyin faɗa. A kakar zaɓen 2023 na yi aikin 'yan data. Wani abokina ne ya jefa ni a wani zauren WhatsApp na magoya bayan wani ɗan takara, ba zan ce wane ba. Tsarin mai sauƙi ne: duk wata a turo maka data da ɗan abin sayen sabulu, kai kuma duk abin da aka sako a zauren ka ɗora a shafinka, in an taɓa maigida ka shiga ƙarƙashin rubutun ka rama. Na ce ai ba sata ba ce. Rannan aka turo hoton wani titi sumul da fitilu, aka ce aikin maigida ne, na ɗora har da kirari. Ba a yi awa ɗaya ba wani malamina na sakandare ya rubuta a ƙasa, "Ɗalibina, a wace unguwa wannan titin yake? Ina so in je in gani." Titin ko a Zamfara ba ya. Na goge, amma har yau in na hango malamin nan a masallacin Juma'a sai in canza sahu. Kuma kada in yi wa kaina ado, ban fita daga zauren a ranar ba. Datar ce ta daina zuwa bayan zaɓe.

Dauda Lawal ya ci zaɓen gwamna a watan Maris, kuma cikin dare ɗaya na ga hotunan fuskar shafuka suna sauyawa, waɗanda jiya suke zagi yau suna "mun gode Allah". Ban yi mamaki ba. Mu ne jihar da Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un jam'iyya guda a 2019 aka wayi gari da gwamnan da bai zo na ɗaya ba, shi kuma bayan shekara biyu ya koma jam'iyyar da aka ƙwace daga hannunta. Wanda ya girma yana ganin haka ba ya riƙe hula da ƙarfi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Oktoban 2022, da gwamnatin jiha ta ba da umarnin rufe wasu gidajen rediyo da talabijin a Gusau, har da NTA da Pride FM, saboda sun ɗauki taron 'yan adawa. A ranar Baba ya yi tsaki ya fi a ƙirga.

Cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023 ya kashe ɗan janaretana, na ci bashi na sa sola, na ninka kuɗin caji. A farkon 2025 aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Duk wanda ya zo sayen data ni yake yi wa faɗa, kamar da ni aka yi zaman.

Yanzu rayuwar tawa haka take. Kafin in hau hanyar Ƙaura ko ta Funtua sai na leƙa zauren WhatsApp na direbobi na tambaya ko hanya lafiya, kuma sau da yawa amsarsu ta fi ta kowa sauri. A zauren nan dai ake turo saƙon murya na wani da ba a san shi ba yana rantsuwa an tare hanya, a fasa tafiya, daga baya a gane na bara ne. Ƙanwata tana nuna mini 'yan bindiga a TikTok suna baje kuɗi a kan tabarma, mutane suna yi musu sharhi har da masu tura lambar asusu. Na hana ta kallo, ta ce ai ni ma ina kallo, kuma gaskiyarta. Abin da na iya yi wa kaina shi ne na kashe saukar bidiyo kai tsaye a WhatsApp, don na gaji da ganin gawa kafin in karya kumallo. Rediyon Baba minti talatin ne a rufe tasha, kowa ya kama gabansa. Tawa tashar a aljihu take, ba ta rufewa, har cikin bargo.

A watan Maris na 2025 na fito da safe na tarar da Baba yana ta murɗa rediyo, yana kai allura gaba yana dawo da ita. Muryar Amurka yake nema, wadda yakan fara ji kafin BBC. Ya canza batir, ya fita tsakar gida ya ɗaga eriya sama, shiru. Ya ce in duba masa ko rediyon ce ta lalace. Na ce lafiyarta lau, can Amurka ne Shugaba Trump ya sa hannu a wata takarda, aka dakatar da ma'aikatan gidan. Ya yi jim yana kallon rediyon, sannan ya ce, "Ashe su ma ana ɗauke musu sabis."

Na juya zan tafi rumfa sai ya kira ni. "Kai, zo. Duba min cikin wagga waya taka, sun ce yaushe za su dawo?"